Hanyar Fitar Giwa daga Layin Ɗab'i

Har gobe in ka sauka a tashar Karaye ka ce wa mai babur ya kai ka Layin Ɗab'i, zai kai ka ba tare da gardama ba. Amma kada ka wahalar da shi da tambayar abin da ake bugawa a wurin, don bai sani ba. Shi abin da ya sani, nan ake cajin waya, nan ake sayen maganin feshi, nan ake ɗinka wa yara kayan makaranta. Na ɗab'i kuwa suna ne ya rage, sai Malam Liti da injinsa.

A lokacin da layin yake cin kasuwarsa shago goma sha ɗaya ne a cikinsa. Da masu bugawa, da masu yanka takarda, da masu sassaƙa hatimi, da mai rubuta allon shago. Wannan kafin a yanka wa Rogo ƙaramar hukumarta ne, lokacin da duk mai neman bugaggiyar takarda, tun daga Falgore, sai ya tako layin: katin ɗaurin aure, takardun jarrabawar firamare, kalandar ƙungiyar manoma, ga fastocin 'yan siyasa in kakarsu ta zo. Tun daga bakin titi kake jin warin tawada da kananzir. Da kwamfuta ta shigo gari ba ta yi faɗa da kowa ba, ɗauke aikin kawai ta dinga yi ɗaya bayan ɗaya. Masu shagunan suka watse, aka rushe na rushewa, aka tayar da na bulo da rufin kwano.

Uku ne suka tsira, su ne kuma na asali, a manne da juna a ƙarshen layin. Ginin ƙasa ne na tubali, kaurin bangonsu ya kusa kamu biyu, rufinsu soro, da indararo yana leƙo hanya. Ƙofofinsu ƙanana ne. Tagar kowanne can sama take, doguwa a kwance, don haske ya sauko kan akwatin haruffa ba tare da rana ta busar da tawada ba. A bazara, sa'ad da masu shagon kwano suke gasuwa, cikin waɗannan sanyi kamar randa. Na yamma shi ne na Liti. Na tsakiya na Kubura ne, matar marigayi Alhassan mai yankan takarda, wadda ta girka kekunan ɗinki biyu a ciki. Na gabas na Yusha'u ne, wanda a da shi ma ɗab'i yake yi, yanzu iri da maganin feshi yake sayar wa manoma. Daga ƙofar Liti zuwa ta Yusha'u taku goma sha biyu ne, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan Liti bai yi takun nan ba.

Injin Liti sunansa Giwa. Baƙin ƙarfe ce, gangar jikinta zubi ɗaya, da babban wili a gefe. Da ƙafa ake taka ta kamar keken ɗinki, ba ruwanta da wutar lantarki. Liti ya ɗauko ta daga wata maɗaba'a da ta rufe a Kaduna yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Da ita ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'ya biyar. Yanzu yana neman saba'in, aikin kuma ya koma sa lamba a jikin takardu, da huda layin yagewa, da yanke kwalin kati. Ko ranar da ba aiki, sai ya ɗiga mata mai ya juya wilin nan sau bakwai kafin ya nemi wurin zama.

Shagon dai ba mallakarsa ba ne. Da mai shi ya rasu aka raba gado, magada suka sayar wa Alhaji Nuruddeen mai wayoyi. Alhajin ya zo da kansa, ya cire takalmi, ya gaisa cikin ladabi, sannan ya ce yana son shimfiɗa tayil kafin damina, don haka sati uku ya iya bayarwa.

"Ita wannan fa, Baba?" ya tambaya, yana nuna Giwa da makullin mota. "In ba ka da yadda za ka yi da ita, akwai 'yan gwangwan. Da wutar gas rabin yini sun gama."

Liti ya dube shi kamar wanda aka ce a yanka masa ɗa. "Ba za a kai ga haka ba, Alhaji," ya ce. Barin shagon bai dame shi sosai ba, ƙafafunsa ma sun gaji da taka feda. Abin da ya hana shi sukuni shi ne a sa wa Giwa wuta.

Akwai wani Salman da ke da shagon kwamfuta a Rogo Sabon Gari, magidanci mai natsuwa, wanda duk bayan sati biyu yake ɗauro takardu a babur ya kawo wa Liti a sa musu lamba. Ranar da ya zo, Liti ya zaunar da shi.

"Ba sayar maka zan yi ba," ya ce. "Ba ka zan yi. Sharaɗina ɗaya, ta fita daga nan da ranta, ta isa Rogo da ranta."

Salman ya rasa bakin godiya. A Rogo wuta sai ta yi kwana uku ba ta leƙo ba, ga injin da ba ya neman komai sai ƙafa da mai. Nan take ya karɓo tef daga wurin Kubura ya auna ƙofa, ya auna Giwa, ya sake auna ƙofa ko ta ƙaru. Ƙofa ƙafa uku. Giwa, ko an cire mata wili, ƙafa huɗu da rabi.

"To Baba, ta ina ta shigo?"

"Ba shigowa ta yi ba," in ji Liti. "Gine ta aka yi a ciki."

Ya san sarai ta ina ta shigo, yana tsaye aka yi. Sanin ne ma ya sa ya sha mur, ya aika a kira masa Ƙasimu magini, ɗan mutumin da ya gina shagunan, da fatan ko ɗan zai zo da wata dabarar da ba ta uban ba.

Ƙasimu ya zo da hantsi, ya gaisa, ya ɗaga kai yana nazarin rufi. Liti ya yi saurin cewa a fasa bangon gaba a faɗaɗa ƙofa.

"Baba Liti, ka ga bakan gizon nan?" Ƙasimu ya nuna lanƙwasassen ginin da ya ratsa rufin. "Shi ke ɗauke da soron. Ƙafarsa ɗaya tana bangon gaba, ɗaya tana bangon baya. Na taɓa ɗaya daga cikinsu, rufin nan a kan injinka zai kwana, ya kuma jawo na Hajiya Kubura. Wallahi ko nawa za a ba ni ba zan sa gatari a nan ba."

Sai ya juya ga bangon gabas, wanda ya raba Liti da Kubura. Ya sauke tsofaffin kalandun da suka rufe shi, ya bi shi da ƙotar gatari yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. A wani wuri sautin ya sauya. Ya kankare yaɓen da ke sama da kansa, sai ga azara a jere, baƙi wuluk, ko gara ba ta taɓa su ba. Ƙarƙashinsu tubali ne da aka jera kawai ba a ɗaure su da sauran bangon ba.

"Ga ta nan," ya ce, fuskarsa cike da murna. "Ƙofar inji. Baba ba ya gine inji sai ya bar masa hanya."

Ya yi wa Salman bayani, don shi ne baƙo. Ba a lokaci ɗaya aka gina shagunan ba. Na Liti aka fara. Sai da aka gama bango uku da rufi, sannan aka gangaro da Giwa a kan fayif ta gefen gabas, lokacin wurin fili ne, aka toshe. Da shekara ta zagayo aka jingina shagon Alhassan a jikin wannan bangon, aka shigar da injin yankansa ta gabas, aka toshe. Haka na Yusha'u. Ke nan ƙofar Giwa cikin shagon Kubura take buɗewa, ta Kubura cikin na Yusha'u, ta Yusha'u ce ke fita filin da mota za ta iya tsayawa.

"Ai abin ya zo da sauƙi," in ji Salman. "Maƙwabta biyu ne kawai za a roƙa."

Ƙasimu ya saci kallon Liti, ya duƙa yana tattara ƙasar da ya kankare. Duk Karaye an san labarin, Salman ne kawai bai sani ba.

Yusha'u sa'an Liti ne, tare suka koyi jera haruffan dalma. Shekara biyu bayan zuwan Giwa ya je maɗaba'ar nan ta Kaduna ya ɗauko 'yar'uwarta, iri ɗaya sak, ya shafe ta da koren fenti ciki da waje har da ƙusoshi. Layi ya yi ta yi masa tsiya, aka sa mata suna Tsanwa. Shekara kusan talatin injinan biyu suna amsa wa juna ta cikin bango. Wata safiya, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Liti ya ji hucin wutar gas. Ya fito ya tarar ana fito da Tsanwa gunduwa-gunduwa ana lodawa a kura. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya tsaya a tsakiyar layi, a gaban jama'a, ya ce, "Ashe da mahauci muke zaune ba mu sani ba. Abin da ya ciyar da kai shekara talatin, Yusha'u, shi ka sa wa wuƙa?" Yusha'u ya juya ya koma cikin shago. Tun daga ranar sai sallama ƙwaya ɗaya in an haɗu a masallaci, don kada liman ya ce suna gaba. Amma babu ina kwana, babu ya iyali.

Kubura ba ta ba da wahala ba. Tana taka keke Liti ya yi mata bayani, ba ta ma tsaya ba.

"Ni tawa mai sauƙi ce, Malam Liti. A kwashe min yadin mutane kada ƙasa ta ɓata, a mayar min da bangona yadda yake. Saura ka je ka gaida maƙwabcinka."

"Zan tura Ƙasimu."

"Ka tura," ta ce, ta ciji zare. "Ai kai da ma ba ka rasa ɗan aike."

Ƙasimu ya je, bai daɗe ba ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce ya isar da saƙo. Yusha'u ya tambaye shi ko mai injin ya rasu ne, ya ce a'a. Ya tambaya ko ƙafarsa ce ta karye, ya ce a'a. Sai ya ce to, bangonsa yana nan inda yake, shi ma yana nan.

Liti ya ce girman kai ne. Bai lura ba cewa shi ne yake zaune taku goma sha biyu daga amsar yana aika mutum. Ya shiga neman wata hanya. Ya tambayi Ƙasimu ko za a huda rufi a zaro ta ta sama, Ƙasimu ya yi dariya har da tari. Ya tambayi Salman ko za a yanka gangar jikin gida biyu kawai a haɗe ta da walda a Rogo. Salman ya ce ƙarfen zubi ba ya riƙe walda, ko ya riƙe, injin da ke buga takarda daidai da kaurin gashi ba zai sake daidaita ba. Sati biyu suka tafi a haka.

Ga Sadiƙ mai gwangwan kuma ya tsiro da sabuwar ɗabi'a. Kullum da safe sai ya biyo ya durƙusa a ƙofar shago ya kwashi gaisuwa, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, idonsa kuwa yana kan Giwa yana auna nauyinta. Liti ya tsani gaisuwar nan fiye da zagi. Ranar Litinin kuma hadari ya taso daga gabas da la'asar, ya yi duhu, iska ta watsa shi. Ƙasimu ya zo takanas ya ce in ruwan farko ya sauka ba zai buɗe bangon ƙasa ba, ko da izinin duniya.

Ranar Talata, saura kwana biyar, Salman ya zo da sifanun kwance ƙusoshi da galan ɗin kananzir. Ya ce ko ta wace hanya za ta fita, gara a rage mata nauyi tun yanzu. Suka cire babban wili, suka cire rololin shafa tawada, suka buɗe murfin gefe. Can ciki akwai wani ƙaramin wili mai haƙora, faɗinsa kamar faifai, wanda shi ke juya komai. Salman ya zaro shi ya tsoma a kwano, ya kama gogewa da tsumma don ya fitar da tsohon mai.

"Baba, wannan fenti biyu gare shi," ya ce.

Liti ya matso. Inda tsumman ya bi, baƙin ya tashi. Ƙarƙashinsa kore ne.

Ya karɓa ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Ya sa farce ya kankare wani gefen. Kore. A duk ƙasar Karaye da Rogo mutum ɗaya ne ya taɓa shafa wa cikin inji koren fenti.

Ya tuna lokacin. Shekara tara da suka wuce, ana tsakiyar aikin zaɓe, haƙora uku suka karye a wilin Giwa na asali. Ya je Kano, ya je Zariya, kowa ya ce an daina yin irinsa tun kafin a haife shi. Sati biyu Giwa tana tsaye. Sai ga Alhassan da wani a naɗe cikin takardar siminti, ya ce a wurin wani tsoho ya samo a Kano, ya ɗaura da hannunsa. Liti ya yi ta sa masa albarka, yana ba mutane labarin iya neman kayan Alhassan.

Da wilin a hannu, kananzir yana ɗiga, ya shiga shagon Kubura. Ta kalli abin, ta kalli fuskarsa, ta dakatar da keke.

"To," ta ce. "Ni dai ban faɗa ba, kananzir ne ya faɗa."

"Na wane ne?"

"Kana gani kana tambaya? A tsakar gidana marigayi ya shafe shi da baƙi, har na yi masa faɗa saboda wari." Ta gyara zama. "Bari in gaya maka, tunda mai hana ni ya koma ga Allah. Shekara biyu Malam Yusha'u yana neman wanda zai ɗauki Tsanwa. Har Funtuwa ya je. Kyauta ya ce a ɗauka, ba wanda ya so, ga shi ba aiki, ga iyali, ga shago inji ya cinye rabi. Kafin ya kira 'yan gwangwan kwana uku ya yi yana kwance duk abin da zai shiga jikin Giwa. Ya zuba a buhu ya kawo nan ya ajiye ƙarƙashin teburin yanka. Rololi biyun da kake cewa Alhassan ya samo maka, da ƙarfen feda, duk daga buhun nan suka fito."

"Me ya hana a gaya mini?"

"Cewa ya yi in ka sani ba za ka karɓa ba, kuma Giwa ce za ta sha wahalar. Ƙarya ya yi?"

Liti ya kalli wilin da ke hannunsa. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ya so ya ji haushin Alhassan, ya tuna ya rasu. Ya so ya ji haushin Kubura, ya ga ba ta yi komai ba. Ba wanda ya rage sai shi.

Bai koma shagonsa ba. Daga ƙofar Kubura taku shida ne ya rage. Ya tarar da manoma huɗu a kan benci suna jiran a auna musu irin masara, ya ji daɗin haka, don a gaban mutane ya yi ɓarnar. Ya cire takalmi a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum."

Yusha'u ya ɗago daga kan buhu, mudu a hannu. Ya tsufa fiye da yadda Liti yake hange daga nesa. "Wa alaikumus salam."

"Barka da rana, Yusha'u."

"Barka kadai."

"An wuni lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya iyali? Ya 'yarka Radiyya da yaranta?"

"Suna lafiya."

"Ya kasuwa? Ya zafi?"

"Da godiya. Zafi lokacinsa ne."

Liti bai rage ko ɗaya ba. Ya tambayi ciwon gwiwar da ya ji an ce yana damunsa, ya yi masa ta'aziyyar yayarsa da ta rasu shekara uku da suka wuce, ya yi masa barka da jika biyu. Sai da gaisuwa ta ƙare tas ya ajiye wilin a kan buhun iri, koren yana sama.

"Shekara tara ina cin abinci da haƙoran injinka," ya ce, "ina kiranka mahauci. A gaban mutane na faɗa, ga shi a gaban mutane na zo. Ka yafe mini don Allah."

Yusha'u ya daɗe yana kallon wilin. Ya ɗauka, ya bi haƙoran da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba mahaucin ne ya ƙona mini rai ba," ya ce. "Ranar da aka yanka ta ko ruwa ban iya haɗiya ba. Duk garin nan mutum ɗaya ne zai gane dalili, da na sa ran zai shigo ya zauna da ni ko bai ce komai ba. Shi ne ya tsaya a waje yana ihu."

Liti ya sunkuyar da kai, hawaye ya zubo masa, bai kuma ɓoye ba.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji Yusha'u. Ya miƙa masa wilin, ya ɗauki mudunsa. "Fayif ɗin da aka gangaro da injinan a kai suna zaurena, guda shida. Ka sa a ɗauko. Kada kuma ka bari a ja ta da igiya ta sama, kifewa za ta yi. Ta ƙasa ake ɗaurewa."

Ranar Alhamis da sassafe Ƙasimu ya fara. Aka kwashe yadin Kubura da kekunanta, aka fitar da buhunan Yusha'u. Tubalin ƙofofin bai yi gardama ba, zarewa kawai ake yi ana jerawa a gefe, don da shi za a mayar. Azarar sama ko motsi. Tun kafin rana ta yi zafi ƙofa uku sun buɗe a layi ɗaya, wanda ya tsaya a bayan Giwa yana hango filin gabas da motar da Salman ya kawo daga Rogo. Mutanen layi suka taru suna leƙe. Waɗanda suka shekara ashirin suna cajin waya a wurin ba su taɓa sanin akwai hanya a cikin bangon ba.

Majiya ƙarfi takwas aka samo daga tasha. Aka ɗaga Giwa da jak aka zura katako da fayif. Liti ya buɗe baki zai ba da umarni, ya tarar Yusha'u ya riga shi, ya naɗe hannun riga yana daka wa ƙattin tsawa. A hankali. A ɗauko fayif na baya a kawo gaba. Kai mai jar hula, cire ƙafarka in kana sonta. Giwa ta motsa daga inda ta shekara arba'in da huɗu, ta ratsa shagon Kubura, ta rage ɗan yatsa biyu tsakaninta da bango kowane gefe, daidai yadda uban Ƙasimu ya auna. A shagon Yusha'u ta bi ta kan ramuka huɗu a siminti inda ƙafafun Tsanwa suka zauna. A nan Yusha'u ya tsaya yana kallon ramukan, sai Liti ya karɓi umarnin har aka fita fili.

Ana kiran azahar aka gama ɗaure ta a bayan mota. Sadiƙ mai gwangwan yana tsaye daga nesa, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya zo ya taya ɗaure igiya. Ƙasimu har ya kwaɓa ƙasa, yana duban gabas yana cewa kafin magariba zai toshe duka ukun.

Bayan salla Liti ya hau gaban mota kusa da direba, wilin nan a cinyarsa a naɗe cikin tsumma. Ya riga ya ja wa Salman kunne kada ya kuskura ya mayar masa da baƙin fenti. Salman ya hau baburinsa zai yi gaba. Direba ya tayar da mota, sai aka ƙwanƙwasa ƙofar gefen Liti. Yusha'u ne, ya sa hula, ya bar wa Kubura makullin shago.

"Ina zuwa?" in ji Liti.

"Rogo mana. Wa zai ɗaura masa wilin? Kai ba ka taɓa ɗaura shi ba, ni kuwa shekara talatin ina cire shi ina mayarwa." Ya kama ƙofar. "Kuma rabin kayan cikinta nawa ne. Zan ga inda za a ajiye su."

Kujerar ta mutum ɗaya ce da rabi. Liti ya matsa har gwiwarsa ta taɓa giyar mota, ya ɗaga wilin daga cinyarsa ya ɗora a ta Yusha'u.